Gwajin EEG ya nuna gefen hagu, to me kuma ake nema kafin a yi aiki?

Baban Yarinya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin abin a cikinmu. 'Yata shekararta 14, farfaɗiya ta same ta tun tana 'yar shekara 8. An gwada mata magani kala uku, yanzu ma biyu take haɗawa, amma duk da haka a wata sai ciwon ya tashi sau uku ko huɗu. Kafin ya tashi takan ce wani abu yana taso mata daga ciki zuwa ƙirji, sai ta ƙura wa waje ɗaya ido, ta riƙa motsa baki kamar mai tauna, hannunta yana lalubar bakin rigarta. Minti ɗaya ko biyu, sai ta dawo a gajiye, ba ta san abin da ya faru ba. Sau biyu aka yi mata EEG, gwajin nan da ake liƙa wayoyi a kai a ɗauki lantarkin ƙwaƙwalwa. Na farko aka ce ba a ga komai ba, na biyu aka ce an ga alamu a gefen hagu. Yanzu likitanta ya ce ana iya duba yiwuwar tiyata, amma sai an kwantar da ita na kwanaki da wayoyi a kai ana ɗauka, wataƙila ma daga baya a sa wayoyin cikin kan. Abin da ya ɗaure mini kai, tunda na'ura ta riga ta nuna wajen, me kuma ake nema? Kuma ta yaya gwaji ɗaya zai ce babu, ɗaya ya ce akwai?

Mai Ɗaukar EEG:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ba ta lafiya. Ni ba likita ba ne, amma aikina ke nan kullum, liƙa wayoyin nan da zama gaban allo. Bari na ɗauki tambayarka ta biyu.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da lantarki suke aika wa juna saƙo, sai dai ɗan kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke isowa fatar kai, batirin tocila ya fi shi ƙarfi fiye da sau dubu goma. Tsakanin ƙwaƙwalwa da wayata akwai ruwa, akwai ƙashin ƙoƙon kai, akwai fata, duk suna dusashe shi. Kamar mutum ne ya kara kunnensa a bango mai kauri, cikin ɗakin kuwa taro ne kowa yana surutunsa. Ba zai ji komai ba sai guna-guni. Sai mutane da yawa sun haɗa baki sun faɗi kalma ɗaya a lokaci ɗaya sannan za ta ratso bangon. To haka alamar farfaɗiya take. Sai fili mai faɗi na saman ƙwaƙwalwa, wajen santimita murabba'i 6 zuwa 10, ya harba a tare, sannan mu ga wani tsini ya tashi a kan layi. Tsinin nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba.

Kuma gwajin yau da kullum minti 20 zuwa 30 ne kawai. In tsinin bai fito a wannan ɗan lokaci ba, takarda za ta fita fes. Kusan rabin masu farfaɗiya na gaske gwajinsu na farko haka yake fita. Shi ya sa muke sa mutum ya riƙa jan numfashi da ƙarfi, mu haska masa fitila mai walƙiya, ko mu ce ya rage barci daren jiya don ya yi gyangyaɗi a gabanmu, saboda a cikin barci tsinin ya fi fitowa. Gwajin farko bai yi ƙarya ba Baba, bai dace ba ne kawai.

Inna:
Ni wannan magana ta sanyaya mini rai. Jikana an yi masa gwajin an ce ba komai, har wasu suna cewa yaron kirsa yake yi. Ashe ana iya samun haka.

Mai Ɗaukar EEG:
Ƙwarai kuwa Inna. Bayanin wanda ya ga ciwon da idonsa shi ne kan gaba wajen gano farfaɗiya, na'ura taimako take yi. In ya sake tashi, wani ya kula da shi, wani ya ɗauki bidiyo da waya a nuna wa likita.

Likitar Jijiyoyi:
Sannunku. Baba, ba zan yanke hukunci kan yarinyar da ban gani ba, likitanta shi ne mai magana. Amma abin da ya faɗa maka hanyar da ake bi ke nan, kuma ga dalili.

Kalmar "wajen" da ka yi amfani da ita, a nan gizo yake saƙa, domin ba waje ɗaya ba ne. Akwai wajen da ke fitar da tsini tsakanin ciwo da ciwo, lokacin da mutum yake zaune lafiya. Shi ne abin da gwajinta na biyu ya kama. Akwai wajen da ciwon kansa yake somawa. Akwai wajen da ke haifar da alamomin da kuke gani, wanda sau da yawa ciwon yaɗuwa ya yi ya iso shi daga wani gurbin da bai nuna komai a jiki ba. Akwai kuma tabo ko wata nakasar halitta da hoton cikin ƙwaƙwalwa, wato MRI, kan nuna. Wani lokaci duk huɗun suna faɗawa a kan juna, sai aiki ya zo da sauƙi. Wani lokaci kuma kowanne ya kama gabansa. Filin da ke fitar da tsini galibi ya fi wajen somawar faɗi, har yakan bayyana a ɗaya gefen kan alhali ciwon daga gefe ɗaya yake tashi.

Hausawa suka ce a bar duban inda aka faɗi, a dubi inda aka yi tuntuɓe. Kwantar da ita da za a yi, neman wajen tuntuɓen ne. Za a haɗa kyamara da EEG dare da rana, a jira ciwon ya zo da kansa, a ga ta wace waya layi ya fara canzawa, a daidaita shi da abin da jikinta ya fara yi, sakan da sakan. Kuma ba a wadatuwa da guda ɗaya, ana so a ga biyu ko uku ko fiye, a tabbata duk daga gurbi ɗaya suke fitowa.

Ɗalibin Likitanci:
Ranki ya daɗe Dakta, a yi mini izini na ƙara wani abu, don kwanan nan na zauna a kan batun. Ni ina ganin wannan jiran ciwo ya kusa zama tarihi. Akwai wata alama da ake kira HFO, wato kaɗawar lantarki mai tsananin sauri. EEG ɗin da muka saba yana kallon kaɗawa ce da ba ta wuce sau 70 a sakan ba. Amma in an ɗauka da na'ura mai saurin gaske ana ganin wasu 'yan ƙananan igiyoyi, wasu sau 80 zuwa 250 a sakan, wasu kuma sau 250 zuwa 500. A 1999 Anatol Bragin da Jerome Engel da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka bayyana masu saurin nan a cikin ƙwaƙwalwar beraye masu farfaɗiya da ta mutane. Daga baya a Montiriyal ta Kanada, a 2010, Julia Jacobs da Jean Gotman da sauransu suka nuna cewa waɗanda aka cire musu wajen da ke fitar da igiyoyin nan sun fi samun sauƙi bayan aiki. Kyawun abin shi ne ba sai ciwo ya tashi ba, ana ganinsu a cikin barci na 'yan mintuna. Kuma filinsu bai kai na tsini faɗi ba, sun fi matsowa kusa da wajen somawa. To me zai sa a wahalar da yarinya kwana da kwanaki?

Baban Yarinya:
To ɗana, in haka ne ai sai na ce a yi mata wannan ɗin.

Mai Ɗaukar EEG:
Dakata tukuna Baba. Ƙanena, abin da ka karanta gaskiya ne, amma takarda daban, gaban allo daban. Bari na gaya maka abin da hannu yake sha.

Na farko, igiyoyin nan sun fi tsini ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma daga ɗan mitsitsin waje suke fitowa. Mafi yawan binciken da ka ambata da wayoyin da ke cikin kai aka yi shi, ba na fata ba. A fata kuwa, mutum ya cije haƙori ko ya yamutsa goshi, tsokar za ta watso maka lantarki mai sauri wanda zai binne komai. Ni na sha zama na ga layi ya koma baƙi ƙirin don kawai majinyaci ya haɗiyi yawu. Na biyu, kafin ka ga masu kaɗawa sau 500, dole na'urarka ta riƙa ɗaukar ma'auni wajen sau 2000 a kowane sakan, ba kowace ce aka saita haka ba. Na uku, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, sai an tace layin an zubar da jinkirtattun igiyoyi sannan a gansu. To ita matatar, in tsini mai kaifi ya bi ta cikinta, takan fitar da wani abu mai kama da igiyar sak, alhali babu ita a ƙwaƙwalwa. Ƙwararru biyu za su dubi shafi ɗaya, wannan ya ƙirga goma, wancan ya ƙirga huɗu.

Ɗalibin Likitanci:
Yaya, ai shi ya sa ake rubuta manhajojin kwamfuta da ke ƙirgawa da kansu. Matsalar ido ce, kuma ana maganinta.

Likitar Jijiyoyi:
Ko an magance ta ido, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙwaƙwalwa mai lafiya ma tana fitar da irin igiyoyin nan. Akwai wani sashe can ciki, daidai saitin kunne, ana ce masa hifokamfus, shi ne ke adana sabon abin da mutum ya koya. A cikin barci yana fitar da igiyoyi masu sauri, kuma bincike ya danganta su da kafe abin da aka koya da rana ya zama abin tunawa. Sashen gani da ke ƙeya shi ma yana fitar da nasa. To in ka ga igiya, ta ciwo ce ko ta aiki? Har yau raba su ba ƙaramin aiki ba ne. Kuma hifokamfus ɗin nan shi ne wajen da farfaɗiyar manya mai ƙin magani ta fi yawan tasowa, ka ga an haɗu a ƙofa ɗaya.

Sannan an gwada abin a zahiri. A birnin Utarek na ƙasar Holan an yi gwaji da majinyata 78, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Ana cikin tiyata ana ɗora wayoyi a kan ƙwaƙwalwa, rabi a bi tsini wajen yanke iyakar abin da za a cire, rabi a bi igiyoyi masu sauri. Sakamakon ya fito a 2022. Bayan shekara guda, kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka bi tsini ciwon ya bar su, a ɗaya rukunin kuwa kashi 67. Masu binciken da kansu sun yi imani da sabuwar alamar, amma sun faɗi abin da suka gani. Sun ce bayan an daidaita lissafi, a farfaɗiyar da ba ta sashen saitin kunne ba sabuwar alamar ba ta gaza tsohuwar ba. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, amma bai kai a ce a jefar da tsohuwar hanya ba.

Ɗalibin Likitanci:
Na yarda da sakamakon Dakta, amma ina da ja a kan fassararsa. Mutum 39 a kowane ɓangare ba su da yawa, kuma a ƙarƙashin maganin sa barci aka ɗauka, na 'yan mintuna. Ba irin yanayin da aka fara gano amfanin igiyoyin ba ne. Shi kansa EEG da Hans Berger ya fara ɗauka a jikin mutum a 1924 a birnin Yena na Jamus, ya wallafa a 1929, ai mutane ba su gaskata shi ba sai da Edgar Adrian ya maimaita a Ingila a 1934. Sabon abu yana buƙatar lokaci.

Likitar Jijiyoyi:
Ban ƙi ba ɗana, kuma ina so ka ci gaba da bin batun, za mu buƙaci irinku. Ni ma in na samu igiyoyin a rahoto ina dubawa, in sun dace da sauran shaidu hankalina yakan ƙara kwanciya. Abin da ba zan yi ba shi ne na ɗora wuƙa a kan shaida ɗaya. Ka san yadda Hans Lüders da Felix Rosenow suka fayyace abin a 2001: wajen da ke haifar da farfaɗiya shi ne gwargwadon abin da in an cire shi ciwon zai daina. Ka lura da ma'anar nan da kyau. Babu na'urar da ke auna shi kai tsaye. Sai bayan an yi aiki, an zauna shekara ɗaya, biyu, ciwo bai dawo ba, sannan a san yana cikin abin da aka cire. Tsini, igiya, hoto, alamomin jiki, duk shaidu ne da ke nuni zuwa gare shi.

Wadda Aka Yi Wa Aiki:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma Baba bari na ba ka labarin abin daga bakin wanda ya kwanta a gadon. Ni shekara 11 na yi da ciwon. EEG na fata ya nuna tsini a gefe biyu, hagu ya ma fi yawa. Hoto bai nuna wani abin kirki ba. Sai aka ce a sa wayoyi a ciki. An huda ƙananan ramuka a ƙoƙon kaina, an zura wayoyi sirara kamar zaren ɗinki mai kauri, an naɗe kan da bandeji, igiyoyi suna fita ta baya zuwa wani ɗan akwati da ke gefen gado. Kwana biyun farko kaina ya yi ciwo, kuma buɗe baki na min wuya. Aka rage mini magani a hankali, ƙanwata tana zaune da maɓalli a hannu, an ce da ta ga na canza ta danna.

Abu mafi nauyi shi ne jira. Mutumin da ya fi shekara goma yana roƙon Allah kada ciwo ya tashi, yau ga shi yana jiran ya tashi. Sai a kwana na biyar ya zo, daga nan ya sake zuwa sau uku. Duk huɗun daga dama suka soma, can ciki. Likitan ya nuna mini a allo: waya ɗaya ta fara wani ɗan rawa siriri mai sauri, sauran duk shiru, aka yi sakanni masu yawa kafin ya bazu, kuma sai bayan ya bazu ne ƙanwata ta ga wani abu a fuskata ta danna. Da an bi yawan tsinin fata, da hagu aka nufa. Yanzu shekara uku ke nan da aikin, ina shan magani ɗaya har yanzu, ciwon bai dawo ba. Alhamdu lillahi.

Baban Yarinya:
Allahu akbar. 'Yata na gode, Allah ya ƙara lafiya. Amma rage maganin nan yana ba ni tsoro. Kuma wayoyin, wuta ake sa wa mutum?

Mai Ɗaukar EEG:
Na fata dai sauraro kawai suke yi Baba, ba sa sa komai a jiki. Abin da yara suka fi kuka da shi mannen da ke maƙale a gashi ne. Rage magani kuwa a asibiti kaɗai ake yinsa, da allura a kafe a jijiya da maganin tsayar da ciwo a kusa, da ma'aikaci yana kallon allo. Kada kowa ya gwada a gida, tsayar da magani farat ɗaya yana iya jawo ciwon da ba ya yankewa, wanda ke iya kisa.

Likitar Jijiyoyi:
Na ciki kuma tiyata ce, tana da haɗarinta na zubar jini ko shigar ƙwayar cuta, ko da yake ba ya yawan faruwa. Shi ya sa ba kowa ake yi wa ba. In bidiyo da EEG da hoto sun haɗa baki, sau da yawa ana tsallake ta. Hanyar zura wayoyi can ciki Jean Talairach da Jean Bancaud ne suka gina ta a Faris, tun wajen shekarun 1960.

Game da wuta, e, da wayoyin ciki ana sa ɗan lantarki kaɗan da gangan, amma don wata manufa dabam. Ana ba mutum hotuna yana faɗin sunayensu, sai a taɓa waje ɗaya na 'yan sakanni. In magana ta tsaya masa cak, an san nan gurbin harshe ne, ba za a kusance shi ba. Wilder Penfield da Herbert Jasper sun shahara da wannan a Montiriyal. Kuma Baba wannan ya shafe ka, tunda an ce hagu. A mafi yawan mutane magana a hagu take, haka ma riƙe kalmomi da sunaye. Tambayar ba ta tsaya ga ina ciwon yake ba, har da me wajen yake yi mata. A 1953 an cire wa wani saurayi a Amurka, Henry Molaison, sashen nan na ciki, wato hifokamfus, a gefe biyu don farfaɗiya. Ciwon ya ragu, amma har ya rasu a 2008 ba ya iya riƙe sabon abu. Daga kansa aka koyi darasin, shi ya sa za ka ga an zaunar da 'yarka ana mata gwajin ƙwaƙwalwa na awanni kafin a ce komai.

Inna:
To Dakta da duk wannan, ba gara a haƙura da magani ba?

Likitar Jijiyoyi:
Ga mafi yawan mutane magani ya isa Inna, kusan kashi 70 cikin 100 na iya rabuwa da tashin ciwo in sun samu maganin da ya dace suna sha a kan kari. Amma wanda aka gwada masa magani biyu da suka dace, aka ba shi yadda ya kamata, ba su yi ba, damar na uku ko na huɗu ta yi ƙasa sosai. Kuma zama da ciwo shi ma haɗari ne: faɗuwa, ƙuna, nutsewa a ruwa, koma-baya a karatu. A 2001 Samuel Wiebe da abokan aikinsa a Kanada sun kwatanta mutum 80 masu farfaɗiyar sashen saitin kunne. Bayan shekara, kashi 58 na rukunin tiyata sun rabu da ciwon da ke gusar da hankali, a rukunin magani kaɗai kuwa kashi 8 ne. Abin da ke damuna a aikin nan shi ne mutane kan kwashe shekaru masu yawa kafin a tura su a duba ko sun dace. Yarinya mai shekara 14, a duba ta yanzu ya fi a bari ta kai 30.

Ɗalibin Likitanci:
A kan wannan dai ba mu da saɓani Dakta. Amma ina nan kan bakana cewa a yara ƙanana, da ƙoƙon kansu bai yi kauri ba, igiyoyin da ake kamawa ta fata za su yi amfani, ko ba don tiyata ba, don a bi yadda ciwo ke tafiya.

Mai Ɗaukar EEG:
In ka zo ɗakinmu ƙanena zan zaunar da kai ka ƙirga na awa ɗaya da idonka, ni ma na ƙirga, mu kwatanta. Da gaske nake, zan so na ga inda za mu haɗu.

Baban Yarinya:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na rubuta abin da zan tambayi likitanta ranar da za mu koma: ko hoton MRI ya nuna wani abu a hagun da ya dace da tsinin, ciwo nawa yake so ya kama kafin ya gamsu, da kuma yadda za a gwada maganarta da tunaninta. Mahaifiyarta ta ɗauki bidiyo biyu a makon jiya, za mu tafi da su. 'Yata wadda aka yi wa aiki, in ba damuwa, yarinyar tana tambaya ko sai an aske mata gashi duka.

Wadda Aka Yi Wa Aiki:
Ba damuwa Baba. Na kwanciyar farko, wayoyin fata, ba a aske komai, a wanke gashi kawai kada a shafa mai, a tsefe kitso. Na ciki ya danganta da likitan, ni wuraren ramukan kaɗai aka aske mini. Ka ce mata ta tafi da riguna masu maɓalli a gaba, don wadda ake sawa ta kai ba za ta shiga ba saboda igiyoyin.